Ranar da Idirisu Ya Ɗora Igwa Kan Goruna

Ni Sulaimanu mai ɗinkin taru na daɗe a duniya, na ga ƙasa biyu, amma ban taɓa gamuwa da mai baki irin Idirisu ba. In ka ce ka kama kifi, shi kada ya kama, da hannun hagu. In ka ce kura ta taɓa korarka, shi ya hau bayanta ne ta kai shi kasuwa. Cewa yake yi ubansa ne Sarkin Ruwan Kabi, shi kuwa tun yana goye yake nutso. Mu dai abin da muka sani, shekara goma sha biyar ya yi yana ɗaukar Turawa a kujerar dako cikin birnin Bahiya, nan tsallaken teku inda aka kawo mu bayi, ya hau tudu ya sauka, har ya fanshi kansa. Ruwan da ya fi sabawa da shi na alwala ne.

Yunwa ce ta kawo mana shi. Shekara uku bayan yaƙin da bayi Musulmi suka tayar a watan azumi, Turawa suka rikice a junansu, wasu suka riƙe birni, sojojin sarki suka kewaye su, garin rogo ya gagari kowa. Idirisu ya sulale ya zo ƙauyenmu na masunta, da ke kallon unguwar Itapagipe ta gefen birni a tsallaken ruwa, ya sauka gidan Uwani. Jirgin bayi ɗaya ya kawo su ƙasar nan, a nan kuwa wanda kuka sha wuyar jirgi ɗaya ya zama ɗan'uwanka har mutuwa. Yaya yake ce mata. Ita kuma ta ba shi tabarma da akushi, tana jin ƙaryarsa tana taɓe baki.

Uwani ba ta da komai a duniya sai kwalekwalenta. Shekara ashirin tana gaban manja tana suyar ƙosai, ta fanshi kanta, sannan ta saye shi. Tsoho Musa ke fita su da shi, baki bakwai ke ci daga abin da ya kawo. Da safe kafin ta gaida mutum sai ta je bakin ruwa ta shafa gefensa.

Sojojin da aka sauke mana daga Farnambuko, wani yanki mai nisa, aka kwaso su, baƙi ne kamar yadda muka zo baƙi, ba su san inda taɓo ke haɗiye mutum ba. Da farko mun tsorata, daga baya muka saba. Mu nuna musu hanya cikin laka, su taya mu jan taru, mu ba su kifi. Har rijiya muka haƙa tare. Sajensu wani ƙato ne mai tumbi da son dariya, muka sa masa Tulu. Hafsansu kuwa saurayi ne mai tsinin hanci, da ya fusata sai kunnuwansa su yi jawur, don haka ya zama Jan Kunne.

Ana nan lafiya sai aka jawo musu igwa da shanu shida. Ana so a ƙetare da ita mashigin ruwan da ke gefen ƙauye, a kai ta kan tudun da ke fuskantar Itapagipe, kuma babban hafsa zai zo ranar Juma'a ya gani da idonsa. Jan Kunne ya zagaya bakin ruwa ya duba jirage, ya ɗora sandarsa a kan na Uwani, don shi ya fi girma. Kowa ya san abin da ya faru a ƙauyen gaba: an ɗora wa wani kwalekwale irin wannan ƙarfen, ya tsage gida biyu. Uwani ta durƙusa tana roƙo, Jan Kunne ko kallonta bai yi ba. Wallahi na ji tausayinta, don ban taɓa ganin gwiwarta a ƙasa ba sai a salla.

Sai ga Idirisu ya ratsa mutane yana gyaran murya. Harshen Turawa kam ya iya shi, a ƙarƙashin kujerarsu ya koya. Ya ce wa Jan Kunne abin kunya ne babban soja ya ɗora igwar sarki a kan ɗan itacen tsohuwa. A ƙasarsu, in ji shi, rundunar yaƙi ba ta neman jirgi. Goruna ake ɗaurewa a jikin sanduna, dawaki da kaya da mutane duk su ƙetare ko tafin ƙafarsu bai jiƙe ba. Shi da kansa ya taɓa ƙetarar da raƙuma ɗari biyu kafin azahar. Na zunguri Musa na ce jiya ɗari ne.

Jan Kunne ya murza gashin bakinsa da bai gama fitowa ba. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: in igwa ta jiƙe, Idirisu zai sha bulala, kwalekwalen gidan da yake ci kuma a cinna masa wuta. Idirisu ya bugi ƙirji ya ce a ƙara da tabarmarsa.

Da aka watse Uwani ta kama shi da kunne ta ja shi bayan ɗaki.

"Idi, tsakaninka da Allah, ka taɓa yin wannan abin?"

"Haba Yaya. Ni fa?"

"Kai fa nake tambaya."

"Ki je ki jiƙa wake, ranar Juma'a za a yi cinikin da ba ki taɓa gani ba."

Washegari aka shiga farautar goruna. Idirisu ya ari hular soja wadda ta rufe masa ido, ya sa sojoji huɗu a bayansa, gida gida. Goran ruwa, goran manja, goran da ake ajiye irin wake, babu wanda ya tsira. Matan ƙabilar Anago suka bi shi da zagi da harshensu, matanmu da namu. Jummai maƙwabciyata, wadda bakinta ya fi barkono, ta riƙe wuyan goranta ya riƙe gindi, suna ja. Ta ce masa in Sarkin Ruwa ne ubansa, me ya sa shekaranjiya da ƙaguwa ta kama masa yatsa ya kira sunan uwarsa har unguwa ta fito? Ya ce gaisuwa ce, ƙaguwar ta gane jinin sarauta. Ta saki goran don dariya, ya faɗi zaune cikin tokar murhu.

Goruna arba'in da uku aka tara. Saura toshe baki. Musa ya kawo tukunyar baƙin danƙon da muke liƙe jirage da shi, Idirisu ya shinshina ya ture. Ya ce wannan ƙazanta ta mutanen teku ce, asalin aikin Kabi totuwa ake cusawa a liƙe da talge. Gero babu, sai aka yi da garin rogo. Ka zo ka ga sojojin sarki, bindigogi a jingine, sun tuɓe riguna suna tuƙa talge da muciya a tukunyar Uwani, Idirisu na zagaya su hannu a baya yana ɗanɗanawa da yatsa. Saje Tulu ya fi kowa ƙwazo, don rabin abin da ya tuƙa cikinsa ya tafi.

Aka jera goruna a rana su bushe, aka tafi cin abinci. Kafin a dawo awakin ƙauye sun gano wurin. Sun lashe talge tas, sun tauna totuwa, wani bunsuru ya cusa kai cikin babban gora ya kasa fitarwa, ya bi ta tsakiyar sansanin sojoji a guje ya kifar da tukunyar wakensu. Soja goma suka bi shi, kare ya bi sojoji, Jummai ta bi kare da muciya, ita ba ta san dalili ba amma ba a barinta a baya. Idirisu ya ce alama ce mai kyau, abin da akuya ta yarda da shi ruwa ba ya ƙinsa. Aka sake tuƙa wani talgen.

Ranar Alhamis aka ɗaure goruna a ƙarƙashin sanduna, aka shimfiɗa katako a sama, aka yi gwaji. Saje Tulu aka ɗora, tun da shi ne mafi kusa da igwa a nauyi. Abin haushi, abin ya yi. Talge sabo ne, ruwa a kwance yake, Tulu ya yi ɗan yawonsa ya dawo a bushe yana ɗaga hula. Ai sai sojoji suka ɗaga Idirisu sama suna waƙa, shi da ya saba ɗaukar mutane yau an ɗauke shi. Daga ranar raƙuman suka koma ɗari biyar. Ni kaina na fara tunanin ko mun zalunci mutumin nan.

Musa ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ja shi gefe ya ce masa mashigin nan fa ba kogi ba ne, hannun teku ne. Ruwa kan shigo da safe, in rana ta yi tsaka ya juyo ya fita da ƙarfi. Idirisu, wanda kwanansa goma a ƙauyen kuma bai taɓa tsayawa ya kalli ruwan na sa'a guda ba, ya dafa kafaɗar tsohon da ya yi shekara talatin yana su a wurin.

"Baba Musa, teku ce ke wannan shashancin. Wannan rafi ne, ga bakinsa ga bakinsa. Ruwa ba jaki ba ne da zai tafi ya juyo."

Ranar Juma'a tun da hantsi ya duba inda ruwa ya nufa, ya ga yana shigowa daga teku. Sai ya sa aka ja igwa can ƙasa ta wajen teku, wai ruwa zai ɗauke su a karkace ya ajiye su daidai gindin tudu, haka ake yi a Kabi. Soja ashirin da masunta goma muka yi ta nishi har muka ɗora ta, muka ɗaure. Goruna suka nutse rabi, suka tsaya. Aka ɗaure abin a turke ana jiran babban hafsa.

Babban hafsa bai zo ba sai da rana ta take tsaka. Duk wannan lokacin talge na cikin ruwa yana jiƙa. Na leƙa na ga ƙananan kifaye sun taru a bakin kowane gora suna walima. Na gaya wa Idirisu, ya ce mubaya'a suka zo yi.

Ƙauye uku suka hallara. Uwani ta kafa kaskonta amma hankalinta ba ya kan ƙosai, rabi ya ƙone. Da babban hafsa ya sauka daga doki, wani dattijo mai furfura da ɗingishi, ya tsaya yana kallon abin al'ajabin nan. Ya tambayi wanda ya ƙirƙiro shi. Jan Kunne ya ƙame ya ce shi ne, a wani littafin yaƙi ya karanta, ya kwana uku yana lissafi, baƙaƙen nan ɗaurin igiya kawai suka yi. Idirisu ya ji da kunnensa. Ya kumbura ya buɗe baki, Uwani ta cusa masa ƙosai mai zafi a ciki. Ya tsaya yana hura wuta, hawaye na zuba.

Jan Kunne ya haye kan igwa ya zauna kamar mai doki, takobi a hannu. Idirisu ya hau baya da doguwar sandar tuƙi. Aka busa ƙaho, aka kwance igiya.

Da farko abin gwanin sha'awa. Suka tafi a hankali, suka wuce gaban jama'a, Jan Kunne ya sara wa babban hafsa, sojoji suka yi sowa. Idirisu har da waƙar kirarin kansa. Suna kaiwa tsakiya sai abin ya tsaya cik. Ya ɗan yi tunani. Sannan ya juya a hankali, bakin igwa ya kalli jama'a, mata suka kwanta a ƙasa, Saje Tulu ya ɓuya bayan wani siririn soja. Ruwa ya juyo, yadda Musa ya faɗa.

Sai ga su sun dawo ta gabanmu da baya. Jan Kunne bai san abin yi ba, ya sake sarawa. Jummai ta ɗaga murya ta ce a sauka lafiya, in sun isa gida su gaida mutanen Kabi. Idirisu ya kafa sanda a ƙasa da iyakar ƙarfinsa don ya tsayar da su. Sanda ta shige taɓo ta kafe, katako ya fice daga ƙarƙashin ƙafarsa, ya rage a rataye a kan sanda tsakiyar ruwa, hular soja ta rufe masa fuska.

Daga nan goruna suka fara sha. Na farko ya yi ɓul-ɓul-ɓul, na biyu ya amsa, sai duk suka ɗauka kamar kwaɗi bayan ruwan sama. Totuwa na tsalle sama ɗaya bayan ɗaya. Mata na nunawa, kowace na kiran nata: wancan nawa ne, na manja, Allah ya isa. Gindin igwa ya fara yin ƙasa, bakinta ya yi sama, Jan Kunne ya rarrafa ya rungume shi yana kiran waliyyansu. Ta zauna cikin taɓo daram, ba abin da ya rage a waje sai kamu biyu na baki da hafsa a manne.

Sandar Idirisu kuwa ta yi ta karkata a hankali har ta ajiye shi. Ɗan Sarkin Ruwa ya nutse, ya ɓullo, ya kira uwarsa, ya sake nutsewa, a wurin da ruwa bai wuce wuyansa ba in da ya miƙe tsaye. Musa ya tura kwalekwalen Uwani, shi da Saje Tulu, suka tsamo shi ta ƙafa, suka ɓamɓare Jan Kunne daga bakin igwa, suka kawo su gaɓa.

Dariya ta mutu da babban hafsa ya buga sandarsa a ƙasa. Jan Kunne na ɗigar ruwa, kunnuwa kamar garwashi, ya manta da littafinsa sarai. Ya nuna Idirisu ya ce wannan ne, gwanin ruwa ne, ɗan sarkin masunta a ƙasarsu, ya san abin da yake yi, da gangan ya nutsar da igwar sarki. Ya ce a kawo wuta a cika sharaɗi. Wani soja ya zaro itace mai ci daga murhun Uwani, daga ƙarƙashin kaskonta, ya nufi kwalekwale.

Babban hafsa ya ɗaga hannu, ya dubi Idirisu ya tambaye shi ko gaskiya ne shi gwanin ruwa ne.

Na san mutumin nan. Na ga ƙirjinsa ya fara tasowa da kansa, ga ƙauye uku, ga sojoji, ga babban Bature na tambayarsa ko shi gwani ne. Tun da aka haife shi yake jiran wannan tambayar. Na waiga wajen Uwani. Tana tsaye da matsamin ƙosai a hannu, idonta na kan wutar.

Idirisu ya cire hular soja ya ajiye a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ubana majemi ne. Garinmu ko rafi babu, rijiyarmu gaba talatin ce. Ban iya iyo ba, kowa ya gani. Ni ɗan dako ne, kujera nake ɗauka. Abin da aka ce in ɗaura na ɗaura."

Ya faɗa da harshen Turawa, sannan ya juyo ya maimaita da Hausa, ba wanda ya sa shi.

Dattijon ya dubi wannan jiƙaƙƙen mutum mai taɓo har gira, ya dubi Jan Kunne. Ya tambaye shi, shin littafin ne ya yi ƙarya ɗazu, ko kuwa hafsan sarki ne ya miƙa igwa ga ɗan dakon da bai iya iyo ba? Ya zaɓi ɗaya. Jan Kunne ya kasa zaɓa. Aka mayar da itacen murhu, aka karɓe takobinsa, ya bi bayan dokin babban hafsa a ƙasa, takalmansa na ƙugi. Kwana biyu sojoji da shanu suna jan igwa, ko motsi ba ta yi ba. A na uku aka yi musu umarnin tashi zuwa birni. Saje Tulu ya rungume mu ɗaya bayan ɗaya, ya tafi da ƙunshin ƙosai a cikin hularsa.

Da yammacin ranar nutson na je gidan Uwani karɓar bakin goran da ya rage nawa. Na tarar da Idirisu a lulluɓe da zaninta yana rawar sanyi, ta ajiye masa kunu. Ta tambaye shi, ba da faɗa ba, to ina ya samo wannan zancen goruna?

"Na gani da idona, Yaya. Sau ɗaya. Ranar da aka ƙetare babban kogi da mu, hannuna a ɗaure. Ina kwance a kan goran ina kallo, na ce wannan dabara da kyau take."

Uwani ta san wurin da yake faɗa. Ita ma an ƙetare da ita wannan kogin. Ni ma haka. Sai ta tura masa kunun ta ce ya sha tun da zafi, gobe kuma zai bi gida arba'in da uku ya ba da haƙuri, ita za ta raka shi da muciya.

Kunyarsa kwana huɗu ta yi. A na biyar na same shi a bakin ruwa ya tara baƙin masunta, yana nuna musu bakin igwa da ke leƙe a tsakiyar mashigi. Musa ya gano babu turken da ya fi shi, ko ruwa ya janye jirgi ba ya zama a taɓo, don haka a nan yake ɗaure kwalekwalen. Idirisu na gaya musu shi ya kafa shi da gangan, ya auna wurin tun daga gaɓa, ya sa sarkin Turawa ya aiko da ƙarfen daga Farnambuko musamman don Yayarsa.

Jummai ta taso za ta tona shi, Uwani ta riƙe mata zani.

"Ƙyale shi," in ji ta. "Ranar da ake bukatar gaskiyarsa ya kawo ta. Sauran kwanakin nasa ne."